Julie ta taɓa kwas uku, mu ko sau ɗaya ba a tambaye mu ba

Rubutun yau mai tsawo ne, wanda ke da gwaji gobe ya ajiye shi sai ya samu sarari.

Tunda sabbin ɗalibai suka fara shigowa, magana ɗaya ce ke ta yawo a bakin ƙannenmu, a layin rajista da wurin mai shayi: "Yaya, ni fa ba wannan kwas ɗin na nema ba." Wanda ya nemi likitanci an ba shi ilimin tsirrai, wadda ta nemi lauya an tura ta sashen tarihi. Akwai kuma waɗanda aka ba su abin da ke kan fom ɗinsu, amma ba su suka cike ba, Baba ne ko kawu ya tsaya a kan mai shagon intanet ya faɗa masa abin da zai danna. Amsar da manyan yayye ke bayarwa kuma ba ta canzawa: "Ka yi haƙuri, ka dai samu takardar." Ni ina ganin wannan amsar rabin gaskiya ce, kuma rabin da ake ɓoyewa yana cin mutane a hankali. Zan kafa hujjata da abin da ba ku zata ba, wato wani fim ɗin soyayya da barkwanci na ƙasar Norway.

Sunan fim ɗin da yarensu Verdens verste menneske, a Turance The Worst Person in the World, ma'ana mutumin da ya fi kowa lalacewa a duniya. Darakta Joachim Trier ne ya shirya shi, shi da abokinsa Eskil Vogt suka rubuta labarin. An fara nuna shi a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a watan Yulin 2021, inda jarumar fim ɗin, Renate Reinsve, ta lashe kyautar gwarzuwar 'yar wasa. A 2022 ya shiga takarar Oscar a rukuni biyu, na fim ɗin ƙasashen waje da na rubutun labari. Ni kuma na kalle shi ne a wani ƙaramin bikin fina-finai a Turai, lokacin da na je musayar ɗalibai na zango ɗaya. Tikitin ɗalibi mai rahusa, ana sanyi kamar me, zaure cike maƙil, ana magana da yaren Norway muna bin fassarar Turanci a ƙasan allo.

Tun kafin wani ya rigaye ni a sharhi, bari in faɗa da bakina: fim ɗin Turawa ne da rayuwar Turawa. Akwai shan giya, akwai zaman mace da namiji ba aure, akwai wuraren da za ka kau da kai. Ban ce kowa ya je ya nema ba, kuma ba irin wanda za a kunna a falo gaban ƙanne ba ne. Zan ba ku labarinsa har ƙarshe, don haka wanda bai kalla ba ma zai gane inda na dosa.

An raba fim ɗin babi 12, da gabatarwa da rufewa, kamar littafi. Jarumar sunanta Julie, 'yar birnin Oslo, tana dab da shekara 30. A 'yan mintocin farko an nuna mana tana karatun likitanci, don kawai makinta ya kai, kuma shi ne kwas ɗin da ya fi wuyar samu. Sai ta ce ita ai tunanin ɗan Adam ne ya dame ta fiye da gangar jikinsa, ta koma nazarin halayyar ɗan Adam. Ba a jima ba ta ce ta gane ita mai son hoto ce, ta ajiye wannan ma, ta kama ɗaukar hoto, tana aiki a shagon sayar da littattafai don ta riƙe kanta. Mahaifiyarta kuwa duk inda ta juya sai ta mara mata baya.

A wannan wurin zauren ya kece da dariya. Irin dariyar wanda ya ga kansa ko ya ga 'yar ɗakinsu a allo. Ni kuwa lissafi nake yi. Kujerar likitanci fa ta samu ta tashi ta bar ta! A ƙasar da kusan mutum miliyan biyu ke rubuta JAMB a shekara, inda hukumar likitoci ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, inda na san wanda ya rubuta jarabawar sau huɗu yana neman wannan kujerar, a ce yarinya ta samu ta ajiye saboda "ba ta jin sa a ranta"? Da a gidanmu ne, taron dangi za a kira, a nemo mai rubutun sha, don kowa zai yarda sammu ne.

Bayan an tashi, muna tsaye a waje ana shan kofi, na yi hira da wata ɗaliba 'yar Norway da muke aji ɗaya. Ta ce a garinsu kowa ya san wata Julie. Na ce to wa ke biyan kuɗin wannan yawon? Ta dube ni kamar na tambaye ta wa ke biyan kuɗin iska. Wannan kallon nata shi ne rabin bayanin fim ɗin, kuma shi ne abin da Baturen da ke kallo ba ya ma lura da shi, kamar yadda kifi ba ya lura da ruwa.

Ku duba ƙasar da Julie ke tsaye a kai. Mutanen Norway duka wajen miliyan biyar da rabi ne, ba su kai rabin jihar Kano ba. 'Yan ƙasa ba sa biyan kuɗin karatu a jami'o'in gwamnati. Suna da asusun rancen karatu mai suna Lånekassen tun 1947, wanda ke ba ɗalibi kuɗin haya da abinci, kuma idan ya ci jarabawarsa yana zaune ba a gidan iyaye ba, ana mayar da har kashi 40 cikin ɗari na rancen ya zama kyauta. In ta haihu, ita da uban ɗan suna da hutun mako 49 da cikakken albashi su raba a tsakaninsu. Sun samu mai a teku a 1969, shekara 13 bayan an samu namu a Oloibiri a 1956. A 1990 suka kafa asusun ajiyar kuɗin man, suka zuba kuɗin farko a 1996, zuwa 2017 ya haura dala tiriliyan ɗaya. Mu kuwa tsarin rancen ɗalibai na NELFUND sai a 2024 ya fara aiki. Ko su ma Norway ɗin alherin nasu yana da iyaka, don daga 2023 ɗaliban da suka fito daga wajen Turai, irina da irinku, sai sun biya kuɗin makaranta.

Saboda haka duk wanda ya kalli Julie ya ce "kai, ga jaruma, ni ma zan bi zuciyata," ya fara duba abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Ita in ta faɗi katifa za ta tarar. Kai in ka faɗi, kai da ƙannenka biyar da aka jingine karatunsu don naka, da gonar da aka jinginar, da awakin Inna da aka kai kasuwa, duk tare za ku faɗi. Shekara ɗaya a wurinta abin gwaji ce. Mu kuwa shekarunmu ma ba a hannunmu suke ba: yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Kwas ɗin shekara huɗu ya zama na shida. Kuma shekara 30 ɗin da Julie ke fargaba don tana jin ba ta cimma komai ba, mu a wurinmu doka ce a rubuce: ka kammala digiri bayan ka haura 30, ba ka saka kakin bautar ƙasa, sai dai a ba ka takardar ɗauke maka ita. Ga tallan aikin banki da kamfanoni masu cewa kada ka wuce shekara ashirin da wani abu. Duk wannan na sani, kuma shi ya sa ba na raina wanda ya ce "ka dai samu takardar." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amma da a nan fim ɗin ya tsaya, da ban ɓata muku data ba. Abin da ya sa ya zauna mini a rai yana gaba.

Julie ta haɗu da Aksel, mai zanen littattafan barkwanci, wanda ya girme ta da shekara 15. Mutum ne da ya riga ya san kansa, ya yi suna, yana son a haihu. Ita kuma ta ce ba yanzu ba. Ya tambaye ta me take jira, ba ta da amsa. Wata rana ta baro wajen wani taro da aka shirya don aikinsa, tana tafe a gari ita kaɗai, sai ta faɗa wani bikin aure da ba a gayyace ta ba, ta haɗu da Eivind, saurayi mai haɗa kofi a shago, wanda ba ya tambayar ta komai game da gobe. Wurin da kowa ke tunawa a fim ɗin shi ne wata safiya a kicin: Aksel na zuba kofi, ta danna makunnin wuta, sai duk birnin Oslo ya tsaya cak. Masu keke, masu mota, masu tafiya a ƙafa, kowa ya daskare, ita kaɗai ke gudu a tsakaninsu zuwa wurin Eivind. Da ta dawo ta sake danna makunnin, duniya ta ci gaba, ta ce wa Aksel ta gama zama da shi. Dalilin da ta ba shi kuwa, ta ce tana jin kamar 'yar kallo ce a rayuwarta, kamar ƙaramin matsayi aka ba ta a fim ɗin da ya kamata a ce ita ce jarumarsa.

Wannan maganar ce ta sa na daina lissafin kuɗi. Don wallahi na san mutane da yawa a nan makarantar da za su iya faɗin ta, da za su samu wanda zai saurara. Ɗan aji uku a sashen injiniya da ke zuwa lakca ya zauna a baya kamar an aiko shi, amma ka ba shi tarihin Daular Usmaniyya ya kwana yana yi maka bayani. Yarinyar da ke karatun haɗa magunguna tana kuka duk daren jarabawa, alhali rabin 'yan hostel ɗinsu ita ke yi musu ɗinki, kuma ta fi masu shago a gari iya yanka. Wanda ya tara kariyoba har aka kusa sallamar sa, ya kasa faɗa a gida, yana zuwa hutu ana kiransa "Dakta" yana amsawa. Waɗannan duk 'yan kallo ne a rayuwarsu. Bambancinsu da Julie, ita an bar ta ta faɗa, su kuma sun haɗiye.

Mun tashi da fina-finan soyayya, na Indiya da na Kannywood da littattafan da 'yan uwanmu mata ke ɓoyewa a cikin littafin lissafi. A mafi yawansu, masoya sun san abin da suke so tun daga farko. Matsalar daga waje take zuwa: uba ya ƙi, Alhaji mai kuɗi ya shigo, kishiya ta je wurin boka, talauci ya tsaya a tsakani. In an kawar da wannan, sai a ɗaura aure a rubuta alhamdulillahi. A fim ɗin Norway ba mugu ko ɗaya. Aksel mutumin kirki ne, Eivind mutumin kirki ne, ba wanda ya hana Julie komai. Abin da ke tsakaninta da kwanciyar hankali yana cikin ƙirjinta: ba ta san me take so ba. Mu labaranmu ba su cika ba wannan tambayar wuri ba, shi ya sa in ta taso mana da tsakar dare a hostel ba mu san sunan da za mu kira ta da shi ba. Sai mu ce kasala ce, ko aljanu, ko rashin godiyar Allah.

Kuma kada wani ya ɗauka fim ɗin tafa wa Julie yake yi. Ko kaɗan. Zamanta da Eivind ma bai daɗe ba ta fara ƙosawa, ta fara yi masa gorin zai ƙare rayuwarsa yana miƙa wa mutane kofi. Ana cikin haka ta ji Aksel na asibiti da ciwon daji a cikinsa, wanda likitoci suka ce ba magani. A daidai lokacin ita kuma ta gano tana da ciki. Zauren da ake ta dariya ya yi tsit, ba ka jin komai sai masu jan hanci. Hirarsu a asibiti ita ce zuciyar fim ɗin. Mutumin da ke da tabbaci a kan komai ga shi lokacinsa ya ƙare, ita da ke ganin lokaci ba ya ƙarewa ga ta zaune gabansa. Aksel ya rasu, cikin ya zube, ita da Eivind sun rabu. A rufewa muka gan ta tana aikin ɗaukar hoto a wurin shirya fim, ta leƙa ta taga ta hango Eivind da wata mace da jariri. Ta koma ɗakinta ta zauna gaban kwamfuta tana gyara hotuna, ita kaɗai. Ba biki, ba kuka. Ta samu sana'arta, amma ta biya farashi, kuma fim ɗin bai ɓoye farashin ba. Birnin Oslo a mafarki kaɗai yake tsayawa ya jira mutum.

To ka ga ke nan mutum biyu ne fim ɗin ke ja wa kunne. Akwai wanda ke ɗage yanke shawara kullum don yana ganin wata ƙofa ta fi kyau a gaba, wannan shi ne ciwon yaran Oslo. Akwai kuma wanda aka yanke masa shawara tun yana shekara 17 bai taɓa buɗe baki ba, wannan shi ne namu. Dukansu tambaya ɗaya suke gudu. Ra'ayina shi ne, tunda mu ba mu da katifar da za mu faɗa a kai a shekara 29, dole mu yi tambayar da wuri, a aji ɗaya, lokacin da gyara ke da araha. Ba a fafe gora ranar tafiya. Talaucinmu dalili ne na mu yi tunani tun da sauran lokaci, amma mun mayar da shi dalilin hana tunani gaba ɗaya.

Wani zai ce, "Malam, biyayyar iyaye fa?" Ina tare da kai. Amma mu yi wa iyayenmu adalci. Baban da ya ce sai likitanci ba mugunta yake yi ba. A garinsu mutum uku ya gani karatu ya fitar da su daga wahala: likita, lauya da injiniya. Abin da ya gani shi yake so wa ɗansa. Yawancinsu ba a taɓa zama an yi musu bayani cikin ladabi ba cewa ga makin da nake samu, ga abin da zai faru in na ci gaba a haka, ga kwas ɗin da nake iyawa, ga aikin da ake samu da shi. Muna yanke hukuncin cewa ba za su yarda ba tun kafin mu gwada. Wanne ya fi zama biyayya, ka gaya wa mahaifinka gaskiya a aji ɗaya ya ji zafi na wata guda, ko ka ɓoye masa shekara biyar yana aiko kuɗin da ya ranto, sannan ya ji a bakin wani cewa an sallame ka? In ba za ka iya tunkarar sa kai tsaye ba, ai mu Hausawa mun san hanya: akwai kawu, akwai gwaggo, akwai aminin Baba, akwai tsohon malaminka na sakandare da yake jin maganarsa.

Sai maganar 'yan uwanmu mata, don nasu ya ninka namu. Akwai wani wuri a fim ɗin, ranar da Julie ta cika 30, inda aka jero hotunan mahaifiyarta da kakarta da kakannin kakanninta, ana faɗin inda kowacce take a wannan shekarun: wata aurenta ya mutu, wata mijinta ya rasu ya bar ta da yara, wata ta riga ta binne 'ya'ya. Turawan suka yi 'yar dariya, don a wurinsu tarihi ne mai nisa. Mu a wurinmu wannan jerin ba hoto ba ne a bango, waya ce da ke shigowa duk Juma'a: "Sa'anninki duk suna ɗakunansu, wance ma ta yi na uku." Yarinya ta baro Katsina ko Gombe ta yi tafiyar yini da kwana a mota ta zo Kudu karatu, kwas ɗin ba ita ta zaɓa ba, lokacin auren ba ita za ta zaɓa ba, wani lokacin ko za ta ƙarasa digirin ma yana hannun wanda bai riga ya zo gaisuwa ba. Ba ina cewa ta zama Julie ba, kuma yawancin 'yan uwanmu ba wannan rayuwar suke nema ba. Suna son aure, suna son 'ya'ya, suna son albarkar iyaye. Abin da suke roƙo ƙarami ne: a tambaye su. Mu maza da ke cikin ƙungiyoyin ɗaliban Arewa, mu ne gobe za mu zama mazajen da yayyen da za a ce su yanke hukunci. Wanda ya saba yi wa 'yar ajinsu dariya don ta ce tana son yin digiri na biyu kafin aure, shi ne zai hana ƙanwarsa.

Abu biyu game da 'yan wasan fim ɗin sun ƙara mini ƙarfin gwiwa, kuma duka a rayuwarsu ta gaske ne. Anders Danielsen Lie, wanda ya fito a Aksel, cikakken likita ne, yana duba marasa lafiya a Oslo kuma yana fitowa a fim. Bai jefar da ɗaya don ɗaya ba. Ita kuma Renate Reinsve, a wani fim ɗin Trier na 2011 layi ɗaya tak aka ba ta ta faɗa. Ta yi shekaru tana wasan dandamali da ƙananan matsayi, har ta faɗa a hirarraki cewa ta yanke shawarar barin harkar ta koma aikin kafinta, sai ga kiran darakta washegari. Shekara goma tsakanin layi ɗaya da kyautar Cannes. Na kawo su ne don wanda ƙofar canjin kwas ta riga ta rufe masa, ɗan aji uku ko huɗu. Kai kam ka ƙarasa abin da ka fara, ka fita da mafi kyawun makin da za ka iya. Amma ka daina ɗaukar abin da kake so kamar laifi. Ka ba shi awa biyu a rana. Mai son rubutu ya rubuta, mai son kwamfuta ya koya, mai ɗinki ta buɗe shafi ta fara karɓar aiki. Takardar digiri ɗaki ɗaya ce a gidan, ba a ce dole a cikinsa za ka kwana har abada ba.

Ga ƙannena 'yan aji ɗaya kuma, ku naku da sauƙi in kun motsa yanzu. Ka fara ba kwas ɗin da aka ba ka zango ɗaya na gaskiya, ka shiga lakca, ka karanta, don da yawa sun shigo suna ƙin sashe sun fita suna son sa, kuma ƙin abu tun kafin a ɗanɗana ba hujja ba ce. In zango ya wuce ka ga abin ba ya shiga, ka je wurin malamin da ke kula da ajinku ka tambayi ƙa'idar canjin sashe ta makarantarku. Yawancin jami'o'i suna da ita, galibi bayan shekarar farko, kuma makinka ne ke buɗe maka ƙofar. Ka lura da wannan da kyau: wanda ya yi fushi da kwas ya daina karatu, shi ne ke rufe wa kansa hanyar fita. Ka nemi 'yan aji huɗu na sashen da kake sha'awa ka tambaye su wahalarsa, kada ka gudu daga rana ka faɗa wuta. Ka bincika ko darussan da ka ci a sakandare sun dace da can. Sannan ka kira gida da hujja a hannu.

Mu kuma manyan yayye, musamman shugabannin ƙungiyoyinmu, ina da roƙo. Duk shekara muna haɗa kuɗi mu yi walimar tarbar sabbin ɗalibai, a ci shinkafa, a yi jawabi a kan kama kai a ƙasar mutane, a watse. A ƙara awa ɗaya a ciki. A samo mutum biyu ko uku da suka canza sashe suka yi nasara, da wanda ya zauna a inda aka sa shi ya ga alherinsa, da wanda ya yi shiru har abin ya lalace in zai yarda ya yi magana. A yi wa mata nasu zaman da yayyensu mata, inda za su saki jiki. A rubuta ƙa'idar canjin sashe da ranar rufewa a tura a zaurukanmu na WhatsApp, kamar yadda muke tura lokacin tashin motar gida. Kuma in ƙaninka ya zo ya ce "Yaya, ba na jin daɗin karatun nan," kada ka tare shi da wa'azin haƙuri tun bai rufe baki ba. Ka saya masa shayi, ka ce ya ba ka labari. Haƙuri yana da wurinsa, amma bayan an saurara.

Sunan fim ɗin ma abin dubawa ne. Ba wanda ya kira Julie mafi lalacewar mutum a duniya. Suna ne da mutum ke kiran kansa da shi a zuci, in ya ga an yi masa komai amma ya kasa jin daɗi. Ina da yaƙinin a daren nan akwai wani a hostel ɗinmu da ke kiran kansa da wannan sunan da Hausa, don an sayar da abu an turo shi karatu shi kuma zuciyarsa ta ƙi. Ɗan'uwa, ba kai kaɗai ba ne, kuma ba butulci ba ne. Tambaya ce da ta zo maka, ka amsa ta tun tana da araha.

Wanda ya taɓa canza sashe, ko ya so ya canza bai samu dama ba, ya ba mu labarinsa a ƙasa don ƙannenmu su amfana. Wanda ba ya son sunansa ya fito ya turo mini ta akwati, zan saka ba suna. Allah ya ba mu sa'ar jarabawa, ya sa mu gama lafiya mu koma gida lafiya.